Miyar Mama Ta Yi Gishiri

Unguwar Television,
Kaduna.

Yaya Dorcas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti bai gajiyar da ke ba a Legas ɗin nan taku. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Mu nan kowa lafiya. Maigidana Godwin na nan da aikinsa a Kudenda, Tagwai kuma sun shiga firamare, gida ya ɗan samu shiru da safe.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya kullum sauri kike. Kin san da aka gama yi masa gashin ciwon daji na maƙogwaro a Zariya wurina ya zauna. Fatar wuyansa ta saɓule, baki a bushe, ko kunu sai da lallashi. Amma zaman Kaduna ya fi ciwon damunsa. A bakin ƙofa yake wuni yana kallon hanya, ba ya kula kowa. Ranar da ya ce a mai da shi ƙauye ko da can zai mutu, na ƙi, na ce wa zai duba shi a can.

Da muka koma asibiti na kai ƙararsa wurin Dakta Munachi, wadda ta yi masa gashin, don ta tsawata masa. Sai ta tambaye ni ko akwai likita a garinmu. Na ce akwai Likita Wilson, shi kaɗai ke fama da masu haihuwa da masu zazzaɓi da saran maciji. A gabanmu ta kira shi. Bawan Allah bai ɓoye ba, ya ce bai taɓa jinyar wanda aka yi wa gashi ba, kuma yana tsoron ya ɓata abin da aka gyara. Ta ce to sai su yi tare. Mako na zagayowa ya shiga mota ya je Zariya, ya wuni yana koyon yadda ake wanke fatar, da abin da ba a shafa mata, da alamun da in ya gani zai turo Baba ba jira.

Haka na kai Baba gida. Yanzu duk Laraba likita kan hau babur har ƙofar gida, ya ɗauki hoton wuyan ya tura wa Dakta Munachi su yi shawara. Akwai lokacin da wani farin abu ya fito wa Baba a baki ya daina haɗiya, Mama ta kira ni tana kuka. Kafin in samu mota a tasha sun gano abin, har an fara magani.

Makon jiya na je. Wuyan ya warke, duhu kawai ya ɗan yi. Muna cin tuwo sai Baba ya tsame hannu, ya ce Mama ta cika gishiri a miya. Yaya, mutumin da tun gashin nan bai ji ɗanɗanon komai ba. Mama ta yar da ludayi ta kama rawa a tsakar gida, shi kuwa yana ta mita, bai ma gane dalili ba.

Ga roƙon. Wasu mata biyu daga ƙauyukan kusa sun dawo daga gashi, duk wurin Likita Wilson suka nufa, Dakta Munachi kuma ba kullum ake samunta ba. Yana neman nas da ta san jinyar irinsu, wadda zai riƙa tambaya. Ke kin daɗe a wannan ɓangaren. Ko ranar hutunki ce ki riƙa ɗaukar wayarsa.

Ki gaida Yaya Nelson da su Sunday. Mama da Kawu Yakubu suna gaishe ki. Baba ma yana gaisuwa, ya ce in sanar da ke ya riga ya ba likita lambarki, kuma ya faɗa a coci cewa kin yarda.

Ƙanwarki,
Lydia