Abin da Na Faɗa a Ƙofar Gidan Malam Ya'u

Panshekara, jajibirin Kirsimeti

Zuwa ga Yaya Dabora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Mama da yara. Ya ƙafar Mama, kumburin ya sauka?

Yaya, ki faɗa mini tsakaninki da Allah: da ke ce mutum ya yi wa alkawari tun Babbar Sallah, kika ɗaure jaka, kika shiga mota, sai a kira ki a ce bai zo ba, me za ki yi masa? Kafin ki fara cewa "Gidiyon da bakinsa", ki bari ki kai ƙarshe.

Ba zan zo gida ba. Kin san Kamilu, abokina da muke inji ɗaya a kamfanin roba na Challawa, ni da safe, shi da yamma. Tsarinmu irin na kowa ne a wurin: in Sallah ta zo in haɗa aikina da nasa, in Kirsimeti ta zo ya haɗa nasa da nawa. Injin ba a kashe shi, balle wannan watan da duk duniya ke neman kujeru da bokitai. Sallar bana na tsaya masa har tafin hannuna ya saɓule.

Yau da safe ina cikin motar Bala direba, buhun shinkafar Mama a ƙarƙashin ƙafata, sai ga kiran sifabaiza, mai kula da aikinmu: inji ba kowa, in ban zo ba kada in ƙara zuwa. Na sauka mutanen garinmu suna kallona. Na yi ta kiran Kamilu, waya a kashe, har na maka tawa da bango. Shi ya sa kika ga takarda.

Da aka samu mai karɓata da yamma, gidansu na nufa. Mahaifinsa, Malam Ya'u, suna zaune a tabarma da maƙwabta bayan la'asar. Na ce a kira mini Kamilu, suka ce ba ya jin daɗi. Ba ya jin daɗi! Wa ke jin daɗi a watan nan? Na faɗi abin da ke raina, da ƙarfi kuma, don ya ji daga ɗaki. Ban yi nadama ba.

Bala zai yi sawu na biyu gobe da asuba, shi zai kawo miki wannan. Ki lallashi Mama. Na san wannan ce Kirsimeti ta farko babu Baba. Ki ce mata ba laifina ba ne.

Ƙaninki,
Gidiyon

Panshekara, kashegarin Kirsimeti

Yaya Dabora,

Barka da Kirsimeti. Da fatan kun yi sujada lafiya, Mama kuma ta ci abinci. Ni dai da sauƙi, in za a kira shi haka.

In ba ki karanta wa Mama waccan takardar ba, ki yaga ta.

Jiya na dawo daga aiki, ko coci ban leƙa ba, na sayi burodi na zauna. Sai sallama. Malam Ya'u ne da kansu, da kular abinci a hannu, shinkafa da kaza, girkin Khadijat matar Kamilu. Suka ce sun ji ban samu tafiya ba, kuma bai kamata mutum ya ci burodi ranar sallarsa ba. Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Suka zauna a bakin katifata, suka gaya mini abin da suka ƙi faɗa a gaban maƙwabta. Kamilu ya fita da asuba a ranar, da niyyar karɓata. Har bakin get ya kai. Yana jin ƙarar injuna sai ƙafa ta ƙi. Ƙirji ya ɗaure, gumi ya keto, ya durƙusa gefen titi yana kuka, ƙato da shi. Wani mai adaidaita sahu ne ya maido shi gida. A asibiti likita ya ce ba ciwon zuciya ba ne, gajiya ce da damuwa da rashin barci suka taru masa, sai ya huta. Sun ɓoye ne don gudun a ce ɗansu ya taɓu.

Kuma fa ya gaya mini! Satin da ya wuce, ina miƙa masa inji, ya ce, "Gidi, kaina kamar an aza masa dutse, ba na barci." Na ce masa mai sabuwar jaririya ai shi ya ja wa kansa, ya je ya sha shayi. Har dariya na yi.

Ban rubuta miki abin da na faɗa a ƙofar gidansu ba. Ga shi. Na ce, "Haka kuke dama ku, sai dai a yi muku." Ku, Yaya. Ba Kamilu na ce ba, ku na ce, a gaban dattawan unguwa, a garin nan da kowa ya san inda irin wannan magana take kaiwa. Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya. Yana kwance bayan bangon, ya ji komai.

Saura guda, wannan ke kaɗai. Da sifabaiza ya kira ni a mota, abin da na fara ji sanyi ne a raina. Tun farkon wata nake jin tsoron zuwa gida. Kujerar Baba a ƙarƙashin mangwaro, a ce ni zan yanka akuya, ni zan yi addu'a a kan abinci, Mama tana kallona tana ganin shi. Ni ma ba barcin nake ba. Ina son in zo, ba na son in zo, na rasa wanda zan gaya wa. Da na samu hanyar tsira sai kunya ta kama ni, na juya ta faɗa, na kai ƙofar gidan mutane. Duk karatun da na koya wa kaina, ban koyi cewa "na gaji" ba.

Ki sa ni a addu'a. Zan zo bayan sabuwar shekara, in zauna kusa da kujerar, ko kuka ne mu yi tare.

Naki,
Gidiyon

Panshekara, Laraba

Kamilu,

Ina gaisuwa. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Malam da Khadijat da 'yar baƙuwa mai hana barci. Inji yana hannuna, na gaya wa sifabaiza zan riƙe maka har ka warke, kada ka sa shi a rai.

Na mayar da kula jiya. Khadijat ta karɓa a zaure, ta ce ka ce ba komai. To ni ban karɓa ba. Da komai mana! Ban zage ka a zaure ba, ban zage ka da raɗa ba. A titi na tsaya, na ɗaga murya, na haɗa da mahaifinka da duk wanda ke kan tabarmar. Tun ranar in na wuce layinku sai hira ta tsaya. Suna da gaskiya. In ka yafe mini ta bakin matarka, su abin da suka ji shi ne zai zauna: yaron nan na kamfani ya nuna abin da ke cikinsa.

Na san halinka, kai komai sai ka haɗiye. Haɗiyar ce ta kayar da kai a bakin get, ni kuma tawa ta fito ta baki. Duk ciwo ɗaya ne, ka faɗa mini naka na yi dariya, ni ko faɗa ban iya ba.

Jibi Juma'a bayan la'asar zan zo in tsaya daidai inda na tsaya. Zan maimaita abin da na ce, in ce ƙarya na yi, in roƙi Malam da maƙwabta gafara. Ba zan ambaci rashin lafiyarka ba, wannan naka ne. Amma ka fito. In tsayuwa ba za ta yiwu ba, a sa maka kujera, ai mu muke yin su. Ka zage ni in ka ga dama, ka ce kada in ƙara taka layinku, zan ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne shiru.

A gabansu na ɓata, a gabansu nake son amsa, da bakinka, su ji: har yanzu kai da ni kwano ɗaya ne, ko ka raba?

Ni ne mai jiran Juma'a,
Gidiyon