Ranar da Na Juya Tuta

Juma'a, 9 ga Afrilu
Sarki ya hana ni garin Elmsford da ya yi mini alkawari, ya ba surukinsa. Shekara goma sha ɗaya ina zubar masa da jini. Ni Ranulf, mai dakaru dubu biyu! Matata Avice ta ce, "Maigida, kai ke noma, wani ke cika rumbu."

Laraba, 21 ga Afrilu
Manzon Yarima Odo, ƙanin sarki mai neman gadon mulki, ya zo a ɓoye. Wai Elmsford da duk arewacin kogi nawa ne in na bi su. Na sa aka gasa masa barewa. Na ce ya gaishe da ubangidansa da kyau.

Asabar, 8 ga Mayu
Mun ci! Sarki ya ajiye ni a bayan rundunarsa a bakin kogi, wai in tsare masa baya. Ana busa ƙaho na ce a juya tuta, muka auka wa rundunar sarki ta baya. Kafin rana ta raba tsaka sarki ya tsere a kwalekwale, ko takalmi babu. Hamo ne kaɗai ya tsaya a kan gada da mutum arba'in har aka kama shi. Hamo, wanda muka koyi riƙon takobi tare. Da ya hango ni cewa ya yi, "Ranulf, ashe har da kai?" To, har da ni.

Lahadi, 16 ga Mayu
An naɗa Odo. Ni na riƙe masa takobi a coci. Masu ɗauke kai jiya, yau gaisuwa har ƙasa. Avice sai murmushi.

Alhamis, 27 ga Mayu
Elmsford. Tawa.

Litinin, 7 ga Yuni
Ana cin abinci sabon sarki ya ce gobe a rataye Hamo. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi a hannuna." Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya. "Ɗauke shi. Amma idona na kanka, mutumina."

Alhamis, 10 ga Yuni
Na sauka kurkuku wurin Hamo. Ya rame. Ya ƙi kallona. Na sa an cire masa sarƙa, ta yi tsatsa ne kawai, ba wani abu ba. Na kuma ce a ɗaure doki ɗaya da sirdinsa a ƙofar bayan kurkukun. Dawakin sun yi wa barga yawa.