Ƙanin da Alƙali Ya Wanke

Manila, 3 ga Maris

Zuwa ga yayana, Manong Renante,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarmu Nanay. Ya ƙafarta? Ya aikin tafkin kifi?

Manong, albishirinka! Kotun yara ta rufe fayil ɗina. Lauyar gwamnati ta ce daga yau duk wanda ya tambaye ni ko an taɓa kama ni, in ce a'a, kuma a wurin doka ban yi ƙarya ba. Takardar shaidar halina ta fito fes. Kamfanin jiragen ruwa ya ɗauke ni, zan tashi a watan Yuli.

Sai magana ta biyu, wadda na daɗe ina jin nauyin faɗa maka. Ni da Lorna mun daidaita, kuma babanta, Tay Gorio, ya amince a yi auren kafin in tafi. Na san ka taɓa nemanta, amma ta ce wannan ya wuce tuntuni. Ina so a ce kai ne za ka tsaya a gefena a coci, a matsayin babban abokin ango.

Ka gaida Nanay da kyau.

Ƙaninka,
Wilmar

Dumangas, 17 ga Maris

Ƙanina, Toto Wilmar,

Gaisuwarka ta iso. Nanay lafiya lau, tun da ta ji labari take yawo da shi a gari kamar mai talla. Tafki yana nan yadda ka bar shi, da ƙarninsa.

To, barka, wankakke. Bari in tuna maka abin da alƙali ya manta. Babur ɗin da muka ɗauke a Iloilo, kai ka gan shi, kai ka haɗa wayar ya tashi ba makulli. Ni gadi kawai na yi. Amma na cika sha takwas, kai kana sha shida. Sai aka kai ni gidan yari shekara biyu, kai kuwa gidan gyaran yara kana koyon kaɗa jita, Nanay tana gaya wa mutane kana karatu wurin gwaggo a Guimaras.

Ni duk ranar da na je neman takardar nan, da an buga sunana sai yarinyar da ke taga ta ɗago ta ce, “Yallaɓai, ka dawo wani mako.” Ko aikin gadi an hana ni. Tay Gorio ya kore ni daga ƙofarsa, ya ce ba ya haɗa jini da ɓarawo. Yanzu ga shi zai haɗa, har da yanka alade.

Duk Lahadi benci ɗaya muke zama da shi a wurin faɗan zakaru. Fayil alƙali ya rufe, Toto, bai rufe bakina ba.

Yayanka,
Renante

Manila, 29 ga Maris

Manong,

Ina gaisuwa, ko da ba za ka amsa ba.

Jita ka ce? Mu arba'in ne a ɗaki ɗaya, kuma ni ne ƙarami. Haƙorin da na ce maka ƙwallo ce ta cire shi, ba ƙwallo ba ce. Kai aƙalla Nanay tana kai maka shinkafa da busasshen kifi duk mako. Ni sai Kirsimeti nake ganinta, don kada a gane inda nake. In ta zo ma, zancenka take yi: “Manong ɗinka ya rame, Manong ɗinka yana tari.” Na sha kwana ina fatan a ce ni ne kai.

Kafin in yi murnar takardata, sai da na tambayi lauyar ko kai ma za a rufe naka. Ta ce dokar ta yara ce, babba sai dai ya nemi afuwa daga sama, kuma ana daɗewa. Na roƙe ta ta fara, ta ce sai ka je da kanka. Ka je, Manong.

Lorna ta san komai. Babanta ne bai sani ba, ka kuma san halinsa. In ka faɗa masa, ba zai wanke ka ba, ita za ka sa kuka. Don girman Allah, don Nanay, ka yi haƙuri.

Ƙaninka har abada,
Wilmar

Dumangas, 12 ga Afrilu

Toto,

Ina gaida ka. Maganar haƙorin ban sani ba. Amma wasiƙarka ta same ni na riga na faɗa wa Tay Gorio.

Ya saurare ni har ƙarshe, idonsa na kan zakarunsa. Ya ce, “Takardarsa fara ce?” Na ce fara ce. “Jirgin fa, da dala suke biya?” Na ce da dala. Sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, “Wanda alƙali ya wanke, wane ni in shafa masa baƙi? Hassada ga mai rabo taki ce, Renante.” Har giyar kwakwa ya saya mini.

Aurenka yana nan. Kifin biki daga tafkina zai zo, manya zan zaɓa. Wanda zai tsaya a gefenka kuwa, ka nemo mai farar takarda.

Ka aiko mini da sunan lauyar.

Yayanka,
Renante