Ba a Ƙirga Sadiƙu Ba

Zuwa ga Shugaban sashen da ke bin diddigin gudawar yara, Katsina.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare, daga Kambarawa, kuma ko a aji da ƙyar nake ɗaga hannu. Amma abin ya ƙi barin raina.

Ƙanena Sadiƙu ya rasu bara yana da wata tara. Gudawa ce kamar ruwa, da amai. Kakarmu ta ce haƙori ne, maƙwabta ma suka ce haƙori ne, domin haka ake cewa a unguwarmu duk lokacin da jariri ya fara zawo. Aka riƙa shafa masa magani a dasashi ana jiran haƙori ya fito. Sai da idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, sannan muka kai shi asibiti. Ga abin da nake kuka a kai:

1. A asibiti an ba Mama ƴar roba ta ɗebi bayan gidansa, wai za a gwada a ga ko ƙwayar cutar rota ce, mai sa jarirai gudawa. Ni na karɓa na ɗiba. Muna kan benci muna jira, kafin a samo masa gado, ya cika. Da na miƙa robar, ma'aikaciyar ta ce na yaran da aka kwantar kaɗai ake karɓa, ta nuna mini kwandon shara. Yallaɓai, wanda cutar ta kashe a kan benci bai isa a ƙirga shi ba ke nan?

2. Malaminmu na kimiyya ya ce da wannan ƙirgen naku ake sanin inda cutar ta yi ƙamari da ko rigakafin yana aiki. To, wa kuke ƙirgawa? A layinmu yara da dama sun yi irin wannan ciwon. Wasu kemis aka kai su, wasu aka bar su gida saboda haƙori. Ba wanda ya zo ya tambaye mu. Sannan a zauna a ofis a ce Kambarawa lafiya lau!

3. Yanzu Mama ta haifi Hauwa'u. Mun je karɓar ɗigon rigakafin cutar rota aka ce babu, mu dawo. Muka koma, babu. Malama nas ta ce akwai watannin da in yaro ya wuce su ba a ba shi. Hauwa'u tana ta girma, Kaka kuma har ta fara leƙa bakinta.

Ina roƙo a karɓi gwajin duk yaron da aka kawo, ko ya sami gado ko bai samu ba. A turo masu shiga gidaje su tambayi iyaye mata, su kuma gaya wa kakanninmu gaskiya, domin ni ba za su ji tawa ba. A kawo mana ɗigon kafin lokacin ƙanwata ya wuce.

Allah ya taya ka riƙo, ya raya maka naka ƴaƴan, ya sa kada ka taɓa ganin abin da Mama ta gani.

Ranar rigakafi mai zuwa zan sake goya Hauwa'u mu je. Ina neman izininka in sake rubuto maka abin da aka ce mana.

Wassalam.

Ƴarka,
Rukayya, Kambarawa.