Rabon Katunan Kawu Dunoma

Daga Kazaure.

Zuwa ga Yayata Zulaiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da su Ummi Kulsum. Ya Babura, ya damina? Inna lafiyarta ƙalau, ƙafar ce dai take taɓa ta in an yi ruwa. Na rubuto da ajamina ne tunda kin daina ɗaga wayata tun ranar da na kira ki da muryar mai karɓar kuɗin wuta. Wannan karon ba wasa ba ne, Yaya. An cuce ni.

Kawu Dunoma ya ɓalle dilar jakunkunan gwanjo zai kai kasuwar Gwiwa, sai ya tsinci wani littafi mai aljihunan leda a cikin wata jakar makaranta. Cike yake da katuna masu zanen dabbobin da ba a taɓa gani a dajin Allah ba, akuya mai wutsiyar kifi, mujiya mai ƙaho, da irinsu. Kawu ya ce shi ba ya ajiye hotuna a gidansa, ni da ɗansa Sama'ilu mu raba. Ni kuwa na taɓa jin Shahida, 'yar maigidana Malam Ɗayyabu, wadda take karatu a poli, tana cewa a ƙasashen waje manyan mutane masu gemu suna tara irin katunan nan, suna saye da kuɗi masu nauyi.

Rabin katunan rubutun Turanci ne. Sauran rabin wani rubutu ne kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Amma a gindinsu na hango kalma ɗaya da na sani a boko ko daga barci aka tashe ni: Japan. Ita nake dubawa a jikin fulogi da kafireto kullum a wurin gyaran babur. Yaya, ki tambayi kowane ɗan acaɓa daga nan har Yankwashi, in an ce kaya ɗan Japan ne magana ta ƙare. Sai na yi wa Sama'ilu daɗin baki, na ce shi da ya yi sakandare ai na Turancin ne suka dace da shi, ni jahili a bar ni da tonon kazar. Ya karɓa har da godiya. Tun daga gidan Kawu a Roni har Kazaure dariya nake yi a kan babur.

Da Shahida ta duba farashi a wayarta, dariyar ta koma ciki. Zane ɗaya, dabba ɗaya, amma na Turanci ya ninka na Japan, wani ma fiye da haka. Wai masu sayen sun fi son wanda za su iya karantawa. Ta ce akwai na Japan masu tsada, na ce ta duba nawa, ta duba, babu ko ɗaya a ciki.

Kin san Malam Ɗayyabu zai yaye ni da kaka, kuma Na'Allah mai ba da hayar rumfuna ya riƙe mini rumfar nan ta bakin tasha zuwa a gama yankan gero. In ban kawo kuɗin haya da na kayan aiki ba, zai ba wani. Kuɗin katunan Turancin ko rabi na samu sun isa. Ki yi wa Kawu magana, ke yake ji, a haɗe katunan duka a sayar a raba daidai.

Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Lauwali.

Daga Kazaure.

Yaya Zulaiha,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata zazzaɓin Ummi Kulsum ya sauka. Inna ta ce a sa mata gidan sauro, a daina barinta a tsakar gida da magariba.

Direban Babura ya kawo mini amsarki, na karanta har sau biyu ina neman inda kika tausaya mini ban gani ba. Kin ce ni na yi niyyar cuta, cutar ta dawo kaina. Yaya, Sama'ilu taubashina ne. Tun muna rarrafe nake zolayarsa yake zolayata, ba a taɓa kai mu gaban kowa ba. Wasan taubasai daban, rumfar mutum daban.

Kuma ni ba da Sama'ilu kaɗai nake faɗa ba, da masu sa farashin nan nake. Na ajiye nawa kusa da hoton nasa na duba da idon mai gyara. Na Japan ya fi ƙyalli, yankan gefensa ya fi tsafta, zanen yana zaune a tsakiya daram. Shahida da kanta ta ce masu tarawar sun yarda da haka. To in sun yarda, me ya sa mai kyaun ya fi araha? Wai don masu kyau sun yi yawa a cikinsu, shi ya sa ba a rububinsu. Wato laifinsu shi ne an yi su da kyau. A wace kasuwa ake haka? In na ce wa ɗan acaɓa ya biya kuɗi ninki a kan fulogin da ya fi saurin mutuwa, ai da sifana zai bi ni.

Shi kuwa gogan naki Sama'ilu tun da labari ya kai Roni ya fara tafiya yana buɗa hannu. Ya aiko mini da saƙo ta bakin masu mota, wai a gaishe da Alhaji ɗan Japan. Yanzu duk tasha da sunan ake kirana, har yara masu tallan gyaɗa.

Ban bar shi ba. Na ari layin wani abokina, na toshe hanci, na kira shi a matsayin wani Alhaji daga Kano mai sayen katuna. Na ce zan saya da tsada, amma ni sai wanda aka yi wa laminatin, aka manne shi cikin leda da injin zafi yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta. Da kin ji yadda yake ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Ya je ya yi ta zarya a shagon fotokofi, ya kashe 'yan kuɗin acaɓarsa, ya zauna jiran Alhaji. Wannan ladan sunan da ya sa mini ne.

Amma maganar rabo tana nan. Na'Allah ya tare ni jiya ya ce wani mai facin taya yana ta yi masa naci a kan rumfar. Don girman Allah ki je wa Kawu da kanki.

A gaishe da mutanen gida baki ɗaya.

Naki,
Lauwali.

Daga Kazaure.

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Da fatan kin koma Babura lafiya, ya gajiyar hanya? Na gode da tattakin da kika yi har Roni, Allah ya saka da alheri. Kawu ya yanke hukunci yadda na roƙa, a haɗa a sayar a raba biyu. Ga abin da ya biyo baya, kuma ki zauna kafin ki karanta.

Shahida ta samo mana mai saye na gaske ta waya, wani Abdulnasir daga Kano. Ya zo har rumfar Malam Ɗayyabu da ɗan gilashinsa na duba kaya. Ya fara da nawa, yana ɗaga kowane da yatsa biyu kamar ƙwai. Sai ga Sama'ilu ya sauko daga mota da babbar riga, ya kwance ƙunshi ya zube nasa a kan benci. Yaya, kowane kati an manne shi a leda, sun yi tauri kamar katin zaɓe. Bai tsaya nan ba, ya sa an bi gefensu da almakashi wai don su yi daidai.

Abdulnasir ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashinsa. Daga baya ya cire gilashin ya ce, "Wa ya ba ku wannan shawara? Kun kashe su." Ya ce robar da ake gani a hotunan katuna masu tsada a waya akwati ne da kati yake zaune a ciki ba tare da an taɓa shi ba. Wanda aka manna da zafi kuwa ba ya ɓantaruwa, ko kyauta mai tarawa ba zai karɓa ba. Ya sayi na Japan kaɗai a farashinsu na araha, ya hau motarsa.

Nan take Kawu, da ya rako Sama'ilu, ya ce hukunci hukunci ne, a raba biyu. Katunana, da na adana a gwangwanin Inna ko ƙura ba ta taɓa su ba, aka ba Sama'ilu rabin kuɗinsu, ni kuma aka damƙa mini rabin ledojinsa. Abin da ya zo hannuna saitin sifana ya saya mini da famfon iska.

Na san abin da za ki ce, kuma ban yarda ba. Mutumin nan tun da aka haife mu bai taɓa gaskata maganata ba. In na ce masa ana ruwa sai ya leƙa waje. Me ya sa sai a wannan kaɗai zai yi biyayya, har da ƙarin almakashin da ba wanda ya sa shi? Mai sakandare guda, a kira shi da toshasshen hanci, ko ya tambayi wani? Ni kuɗin acaɓa na so ya kashe, ban ce ya kashe mana rumfa ba.

Na'Allah ya ba mai facin rumfar. Kullum da safe ta gabanta nake wucewa, ya rataye tsofaffin tayoyi a daidai inda na yi niyyar kafa allon sunana. Malam Ɗayyabu ya ce in ci gaba da zama a wurinsa zuwa wata kakar.

Shi Sama'ilu ko a jikinsa. Ya ce Abdulnasir ɗan damfara ne, Alhajin gaske yana nan zuwa, kuma shi masu leda yake so. Har ya roƙe ni kada in yar da rabona. Abokina ya ce kullum sai ya kira layin nan sau ba adadi, ya gaji ya cire shi daga waya.

Wasiƙata ta biyu, Yaya, ki sa ta a murhu. In Kawu ya gan ta, sifanun ma ba za su kwana a hannuna ba.

Inna tana gaishe ki. Ki gaishe da maigida da yara.

Ƙaninki da aka zalunta,
Lauwali.