Bindigar Baba Ta Bar Gida

Kerang, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Fergus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Ilse da yara, kuma sanyin Kanada ya fara sassauta muku. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan an yi ruwa, tumaki sun samu ciyawa, Inna Morag ta bar asibiti tana takawa da sanda.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san bindigarsa mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda shekara arba'in yake goge ta kowace Lahadi ko bai harbi agwagwa ɗaya ba. Watan jiya na buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye ta, na leƙa bututun ƙasa, na ga tsatsa. Da na nuna masa sai ya fusata, wai jiya-jiya ya goge ta, in nemi tabarau. Ashe rabonsa da ita tun Kirsimeti. Likita ya tabbatar ciwon mantuwa ne ya kama shi, aka janye lasisinsa na riƙe bindiga. Maƙwabcinmu Angus, da yake yana da lasisi, ya yarda ya ajiye ta a wurinsa.

Ranar da zai zo, na shimfiɗa tsohon bargo a teburin kicin na ce Baba ya koya mini yadda ake goge ta. Yaya, mutumin da ya manta inda ake ajiye shayi, hannunsa bai manta komai ba. Ya cire itacen gaba, ya raba bututun da gindin, ya zura buroshi daga baya, yana sauya tsumma har ya fito fari. Na ɗiga mai a mahaɗar, ya ƙwace kwalbar, wai bindiga ce ba kaskon suya ba, ɗigo biyu ya isa. Ya ce kai ma haka kake, gara ya ba kare aikin da ya ba 'ya'yansa. Da ya harhaɗa ta, ya sa na jingine ta baki ƙasa don kada mai ya jiƙa itacen. Muka yi dariya, na shiga ɗaki na yi kukana. Da Angus ya zo, Baba da kansa ya miƙa masa, ya ce in ya buɗe ta ya rufe ta a hankali, ba ƙofar mota ba ce.

Washegari Baba ya tarar da akwatin wayam. Ya zo ya same ni, wai ko kai ne ka tafi tafki da ita ba izini. Na ce kai ne. Allah ya yafe mini. Sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ba komai, in ka dawo ka goge ta kafin ka ci abinci. Tun ranar, kullum da safe yana zama a baranda yana kallon hanya, yana tambaya ko ka dawo.

Na san aiki ya riƙe ka, amma zumunci a ƙafa yake. Ka zo tun yana tambayarka.

Ka gaida Yaya Ilse, da Catriona da Ruairi. Inna Morag da Angus suna gaishe ka. Baba ya ce in faɗa maka abincinka yana hucewa.

Ƙanwarka,
Merryn