Sunanki a Jikin Kwalba

Zuwa ga hasken gidana, inuwar kaɗanyata, ruwan randata mai sanyi a watan zafi, Maman Usumanu.

Albishirinki! Matar Usumanu ta sauka jiya da hantsi, mace, kuma hancinki ne sak. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Sai na juya in gaya miki, na tarar da tabarmarki a naɗe. Wayyo, farin cikin da ba ki ji ba, ina zan ajiye shi?

Yau kwana tara kina asibiti. Da na shigo jiya, kin ja mayafi kin rufe fuska kamar kin ga baƙo. Ni, Saaka, baƙo? Dokta ya ce ƙwaƙwalwarki ce ta kumbura, suna zargin ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani. Don su gane ta, suka ɗebi ruwa da allura daga ƙashin bayanki. Ni na sa hannu, da rubutun nan da kika kora ni ajin yamma a Lamashegu na koyo, don kin gaji da ganina ina dangwala yatsa. Ashe don allurar nan na koya!

Na ga ruwan a cikin kwalba, garai kamar raɓa. Mai gwajin ta ɗaga kwalbar ta ce in faɗi sunan mara lafiya ta tabbatar. Shekara arba'in da ɗaya kunya ba ta bar ni na kira shi ba, tun ranar da kika zuba mini koko a Aboabo kika ƙi kallona. Sai ga shi na faɗe shi gaban baƙi, ke kuwa ba ki ji ba.

An tura kwalbar Accra. Sun ce sakamako sai mako mai zuwa, wataƙila ma gwajin ya ƙi nuna komai, ko da yake sun fara ba ki magani. Kowace safiya ina ƙofar ɗakin gwajin, har masu shara sun san ni.

Ranar Talata suna. Usumanu ya bar mini zaɓi, na kuwa zaɓa. Ki tashi, zumata, ki ji yadda zan kira shi a tsakar gida, da ƙarfi! Idan kuma kin sake rufe fuska, zan yi sallama daga bakin gado, in fara neman ki daga farko.

Azeta. Kin ga, na rubuta shi ma.

Naki, ko kin gane ni ko ba ki gane ni ba, har ƙasa ta rufe idona,
Saaka